Hawayen gaske ko na sana'a: wace hanya za ka bi da 'yan wasa da mawaƙanka?

Wani ƙanena a sana'a, wanda yake horar da matasa wasan kwaikwayo da waƙa a wani ɗakin taro da suke haya ta wajen Farin Gada, ya tsare ni da tambaya wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya ce, "Yaya, yaran nan sun iya hadda, sun iya tsayuwa gaban kyamara, amma da an zo wurin kuka ko fushi sai ka ga kamar an dasa icce. Wani ya ce in sa su tuno mutuwar da ta fi girgiza su. Wani kuma ya ce numfashi kawai ake koya musu. Wacce zan ɗauka?" Na ce masa amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin titi, ya bari in rubuta. Na san ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba. Akwai daraktoci, akwai masu situdiyo, akwai shugabannin mawaƙan coci da masu koyar da 'yan bege.

Bari in fara da abin da ya sa nake ɗaukar maganar da nauyi. Shekarun baya, lokacin ina ganin na iya, na tara ɗalibai na ce kowa ya rufe ido ya koma ranar da ta fi kowace rana baƙi a rayuwarsa. Wata yarinya mai shiru-shiru ta fara hawaye, na ji daɗi a raina, na ce aiki ya yi. Sai hawaye ya koma shessheƙa, shessheƙa ta koma kyarma. Na tafa hannu na ce an gama, kowa ya buɗe ido. Kowa ya buɗe, ban da ita. Ashe ranar rikicin Nuwamban 2008 ta koma, lokacin tana ƙarama. Na iya buɗe ƙofar, rufewa ce ban iya ba. Ta yi mako biyu ba ta zo ba, da ta dawo kuwa abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, don Allah kar a sake irin wancan."

Duk mai koyar da wannan fanni a Jos ya sa wannan a lissafi. Garin da ya ga Satumban 2001, ya ga Nuwamban 2008 da Janairun 2010, ya ga bam ɗin Taminus na Mayun 2014, ajinka ba ya rasa wanda ya ga abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, Musulmi ne ko Kirista. Kuma garin nan ne harkar ta kafa sansani: nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, da makarantarta ta koyon fim, ga Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield, ga sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos. Matasa na ta shigowa, kowa da abin da ya ƙunso a zuciya.

Abin da za a auna da shi

Hanyoyi huɗu zan kwatanta, ga abin da zan auna su da shi. Na farko kuɗi, wanda a wannan harka yawancinsa lokaci ne: makonni nawa za ka biya hayar ɗaki da kuɗin keke kafin ka ga sakamako, kuma ko sai an nemo malami daga waje.

Na biyu ɗorewa. Kuka sau ɗaya ba gwaninta ba ce. A lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, janareta zai mutu, jirgi zai wuce, mai talla zai ƙwala kira, darakta ya ce a sake. Hanyar da ta ba ka hawaye a ɗauka ta farko ta bar ka a ta goma sha biyu, ba ta biya buƙata ba. Haka mai wasan dandamali da zai yi dare biyar a jere.

Na uku sauƙin koyarwa, musamman ga malamin da shi ma karambani ya koya masa. Na huɗu haɗari ga jiki da zuciya.

Sai biyu da na ƙara daga abin da na gani. Ƙofar fita: hanyar ta zo da tsarin sauke ɗalibi ya koma kansa, ko shigarwa kawai ta sani? A wurina wannan ma'auni ya fi sauran nauyi. Wani bincike da Jami'ar Sydney ta Ostireliya ta fitar a 2015 kan lafiyar 'yan wasa ya nuna da yawansu suna shan wahalar sauke rol, wato halin wanda suka fito a matsayinsa, bayan an tashi, wasu ma giya suke nema don su huce. Mu nan mun san abin da yaro ke nema in zuciya ta ƙi kwanciya, ai ba banza gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018 ba. Ma'auni na ƙarshe shi ne murya: me hanyar ke yi wa maƙogwaro? Ɗan wasa zai iya shaƙewa ya ci gaba, har a yaba masa. Mawaƙi in ya shaƙe, baiti ya zube.

Hanya ta ɗaya: tuno baya

Asalinta daga Konstantin Stanislavski ne, ɗan Rasha da ya rayu daga 1863 zuwa 1938, wanda ya kafa gidan wasan kwaikwayo na Mosko a 1898 tare da abokinsa Nemirovich-Danchenko. Ya aro tunanin daga wani masanin halayyar ɗan Adam na Faransa, Théodule Ribot: cewa zuciya tana adana shauƙin da ta taɓa ji, kuma ana iya tayar da shi. Wanda ya mayar da ita ginshiƙin koyarwa shi ne Lee Strasberg a Amurka, wanda ya jagoranci cibiyar horar da 'yan wasa ta Actors Studio da ke birnin New York tun daga 1951.

Yadda ake yinta a asali ya sha bamban da abin da na yi wa ɗalibaina. Sai an fara zaunar da ɗalibi a kujera an sassauta masa jiki gaɓa-gaɓa. Sannan ba a ce masa "ka tuno baƙin cikin". Abubuwan da suka kewaye ranar ake bi: wace riga ce a jikinka, rana ce ko sanyi, wane ƙamshi ke ɗakin, wane sauti ke shigowa ta taga. Shauƙin da kansa yake biyo su. Strasberg ma ya sharɗanta abin da za a tuno ya kai shekara bakwai da faruwa, don kada a fama ɗanyen miki. Wannan sharaɗi yawancin masu kwaikwayon hanyar a nan ba su taɓa jin sa ba. Kuma ko da an bi shi, ba ya wanke mu: 2008 ta wuce shekara bakwai da nisa, amma wani mikin shekaru ba sa busar da shi.

Kuɗinta kamar kyauta ne, kujera kawai take so, shi ya sa kowa ke rugawa gare ta. Araha dai ba ta ado. Tsadarta a malami take, don sai wanda ya san bambancin kukan da ke wucewa da firgitar da ke neman likita. Ɗorewarta ba tabbas. Wani in ya yi ta ɗibar tunani ɗaya, sai ya dushe, ranar ɗauka ya nemi hawaye ya rasa. Wani kuma akasin haka, kullum abin ƙara zurfi yake, har ya bi shi gida ya hana shi barci. Akwai wata illa da ba a cika faɗa ba: ɗan wasan da ya nutse cikin mutuwar mahaifiyarsa ya bar abokin wasansa shi kaɗai a gaban kyamara, idonsa na nan amma hankalinsa na maƙabarta. Ƙofar fita kuwa ba ta zo da wata tsayayya ba, sai abin da malami ya ƙirƙira. Murya kuma takan shaƙe, tunda kukan na gaske ne.

Ba na cewa ba ta da amfani. In ta yi kyau, a ɗaukar kusa inda kyamara ke kan ido, abin da take bayarwa yana da wuyar samu a wani wuri. Amma shi kansa Stanislavski a shekarunsa na ƙarshe ya karkata ga aikin jiki.

Hanya ta biyu: "da a ce"

A 1934 wata 'yar wasan Amurka, Stella Adler, wadda tuno baya ya gallaba, ta sami Stanislavski a birnin Paris na Faransa ta yi mako biyar tana aiki da shi. Ta koma gida da labarin cewa malamin ya fi ba da ƙarfi ga ƙiyasi da kuma halin da labari ya jefa mutum a ciki. A kan wannan ta gina makarantarta, fitaccen jarumin fim ɗin Amurka Marlon Brando ma ɗalibinta ne. Michael Chekhov, wani ɗalibin Stanislavski, shi ma ya juya wa tuno baya baya, ya koma ga ƙiyasi da motsin jiki.

A aikace, ba ka tambayar ɗalibi abin da ya same shi. Kana gina masa duniyar mutumin da zai fito a matsayinsa har sai ta yi kauri. Misali matar da mijinta direban tirela ne, ya tashi daga Jos zuwa Legas, kwana huɗu wayarsa a kashe. Me ta dafa daren nan? Ta zuba nasa a kwano ko ba ta zuba ba? Uwar mijin tana ɗakin da ke kallon nata, me za ta ce mata da safe? Yaron ya tambayi Baba sau nawa? In tambayoyin sun taru, sai ka ce, "Da a ce ke ce, yanzu aka ƙwanƙwasa ƙofa, me za ki yi?" Abin da za ta yi ake nema, shauƙin zai biyo aiki.

Wannan hanya ta dace da mu ta wata fuska da nake so. Mun tashi da tatsuniya da wasan tashe, yaro ya manna gemun auduga ya zama tsoho, an gama ya cire ya koma yaro. Kuma ba ta keta kunya: ɗalibar da ba za ta taɓa buɗe sirrin gidansu a gaban maza ba, za ta iya zubar da hawaye saboda matar direba, asirinta a rufe.

Kuɗi: babu kayan saye, amma tana cin lokaci, kuma tana son labarin da aka rubuta da kyau. A nan gizo ke saƙa, don sau da yawa a lokeshin ake miƙa wa ɗan wasa takarda, wani lokacin ma baki da baki ake gaya masa sin ɗin, wato fitowar da za a ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗorewa: mai kyau, domin in abu ya fara dushewa sai ka ƙara sabon ƙulli a labarin. Sauƙi: malami mai karatu da haƙuri zai iya. Haɗari kaɗan ne, sai dai a kula da inda ƙiyasi ya yi karo da gaskiya. In ka ba wadda ta rasa miji a hatsarin mota rol ɗin matar direba, ka koma hanya ta ɗaya ba ka sani ba. Tambaya a keɓe kafin rabon rol tana maganin wannan.

Hanya ta uku: numfashi da jiki

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Masu wannan hanya cewa suka yi ita ma zuciya tana karɓar labari daga fuska. A 1983 Paul Ekman da abokan aikinsa Levenson da Friesen sun sa 'yan wasa da masana su motsa tsokokin fuska ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an ambaci sunan wani shauƙi ba. Da fuskar ta haɗu ta zama ta fushi ko ta tsoro, bugun zuciya ya ƙaru, yatsu kuma sun fi ɗumi a fuskar fushi a kan ta tsoro. Mu wannan bai kamata ya zama baƙon abu ba. Hadisin da ya umarci mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, ai sauya zuciya ne ta hanyar sauya zaman jiki.

Tsarin da ya fi shahara a wannan layi shi ne Alba Emoting, na Susana Bloch, masaniyar ƙwaƙwalwa 'yar ƙasar Chile, wadda ta fara binciken da abokin aikinta Guy Santibáñez a farkon shekarun 1970. Ta ware shauƙi shida na tushe: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, tausasawa irin ta uwa da ɗa, da sha'awa. Kowanne yana da numfashinsa, da fuskarsa, da tsayuwarsa. Baƙin ciki: a ja iska ta hanci a gutsure-gutsure, a sake ta da tsawo ta baki, kafaɗa ta zube, ido ya yi ƙasa. Fushi: iska na shiga da fita da ƙarfi ta hanci, muƙamuƙi a ɗaure, ido a tsuke, jiki ya karkato gaba. Tsoro: a fizgi iska ta baki a riƙe, ido a waje, jiki ya ja baya. In aka haɗa ukun daidai aka riƙe su, hawaye kan zo ba tare da an tuno kowa ba.

Abin da ya sa na fifita ta shi ne ita kaɗai ce cikin huɗun ta zo da ƙofar fita a gine, kuma ita ake fara koya kafin komai. Ɗalibi zai tsaya a miƙe, ƙafafu a jere, ya kafa ido a wuri ɗaya daidai tsayin idonsa. Ya haɗa hannuwa, ya ja iska a hankali ta hanci yana ɗaga su har bayan wuya, ya ɗan dakata, ya saki iskar ta baki yana sauke su. Aƙalla sau uku. Sannan ya shafa fuska, ya girgiza jiki. Dalilin aikinta a fili yake: doguwar fitar da numfashi tana rage gudun zuciya, kafa ido a waje kuma yana fito da hankali daga ciki.

Tsadarta ita ce matsala. Malaman da ke da shaidar koyar da ita yawancinsu a Amurka da Turai da Kudancin Amurka suke, kwasa-kwasansu da dala ko yuro ake biya, kuma kowa ya san yadda naira take. Koyo daga bidiyon YouTube kaɗai ganganci ne, don kuskuren da ke cikin numfashinka sai wani ido ne zai gan shi. Makonnin farko kuma abin kan fito kamar na mutum-mutumi, ɗalibai su yi ta dariya, malami marar haƙuri ya watsar. In an jure, ɗorewarta ta fi ta kowacce, tunda huhu da fuska kullum suna tare da kai. Haɗarinta na jiki ne: numfashi da sauri yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, sai jiri, sai yatsu su riƙa yi kamar ana tsira musu allura. Mai asma, mai hawan jini, mai farfaɗiya da mai juna biyu, kada a sa su numfashin fushi ko na tsoro sai likita ya yarda. Kuma kar a ruɗu, jiki ma yana iya tono abin da aka binne. Bambancin shi ne a nan kana da abin da za ka yi nan take.

Malamin da ba zai iya biyan kwas ba, ya ɗauki abu biyu marasa haɗari: atisayen fita, da numfashin tausasawa, wato a hankali ta hanci da ɗan murmushi. Sauran ya bari sai ya sami mai duba shi.

Hanya ta huɗu: sauraron abokin wasa

Ta Sanford Meisner ce, wanda ya yi shekaru da dama yana koyarwa a Neighborhood Playhouse na New York. Mutum biyu za su fuskanci juna. Ɗaya ya faɗi abin da ya gani, "Kana murmushi." Ɗayan ya maimaita, "Ina murmushi." A yi ta juyawa har maganar ta sauya da kanta saboda abin da ke faruwa a tsakaninsu. Manufar ita ce ka cire hankali daga kanka ka ɗora a kan wanda ke gabanka, shauƙi ya taso daga abin da ya yi maka yanzu-yanzu.

Ba ta cin kuɗin kaya, amma cikakken tsarinta shekara biyu ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: in abokin wasanka ya yi sanyi, kai ma ka sanyaya. A fim ɗin Hausa, inda mace da namiji ba sa taɓa juna, kallo da saurare su ne ke ɗaukar nauyin soyayya da rabuwa, don haka ribarta babba ce. Amma tana karo da tarbiyyarmu kai tsaye. Yaron da aka rena a kan kada ya kalli babba ido cikin ido, ka ce ya tsura wa sa'ar mahaifiyarsa ido ya ce "Kin ji haushi"? Ni nakan fara haɗa tsara da tsara, mace da mace, namiji da namiji, sai an saba a gauraya. Haɗarinta a tsakanin mutane yake. Maimaici kan koma gori, wani ya fake da atisaye ya faɗa wa wani abin da ya daɗe a ransa. A kafa doka tun ranar farko: ba taɓawa, ba ambaton ƙabila ko addini ko surar jiki, kuma duk wanda ya ɗaga hannu an tsaya.

Akwai kuma gajeriyar hanya da kowa ya sani, shafa man zafi a ƙasan ido ko matso albasa. Ruwa dai zai zubo, amma numfashi da murya za su tona asiri, kuma man zafi in ya shiga ido an tashi aiki ranar. Ban sa ta a jadawali ba.

| Ma'auni | Tuno baya | "Da a ce" | Numfashi da jiki | Sauraron aboki |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Kaɗan, sai dai ƙwararren malami | Lokaci da labari mai kyau | Mai tsada, da dala | Lokaci mai tsawo |
| Ɗorewa | Ba tabbas | Mai kyau | Ta fi kowacce | Ya danganta da aboki |
| Sauƙin koyarwa | Sauƙin farawa, wuyar sarrafawa | Matsakaici | Wuya a farko | Matsakaici |
| Haɗari | Babba, ga zuciya | Kaɗan | Matsakaici, ga jiki | Matsakaici, ga zumunci |
| Ƙofar fita | Babu tsayayya | Ajiye labarin | A gine take | Sai malami ya tsara |
| Murya | Takan shaƙe | Lafiya | Sai an daidaita | Lafiya |

Mawaƙi kuwa, lissafinsa daban

In mutum ya yi kukan gaske, maƙogwaro yakan ɗaure kamar an cusa dunƙule, majina ta sauko, numfashi ya yanke gutsu-gutsu. Waƙa kuma iska take so mai fita a jere. To ga shi Jos tana bisa tsauni, kusan mita 1,200 daga teku, in hunturu ya shigo a Disamba da Janairu iska ta bushe ta yi sanyi, tantanin murya tun kafin a fara ya riga ya wahala. Ka haɗa masa da kukan gaske da ihu, washegari sai dasasshiyar murya.

Shi ya sa masu koyar da murya suka raba sautin kuka da kukan kansa. Jo Estill, mawaƙiya kuma mai binciken murya 'yar Amurka, wadda ta kafa tsarinta a 1988, ta sa muryar shessheƙa cikin launukan murya da ake koya kamar yadda ake koyon kowane salo: a sauke maƙogwaro ƙasa, a buɗe maƙoshi kamar za a yi hamma, a fitar da sauti siriri marar ƙarfi. Mai sauraro zai ji kamar ana kuka, mawaƙi kuwa numfashinsa na hannunsa. Masu bege da tsofaffin zumuntar mata a coci da yawansu suna yin haka da kunne, ba wanda ya sa masa suna.

Dabarar da nake ba mawaƙa ita ce su yi kukansu a wurin gwaji. A karanta baitocin kamar magana, a hankali, har su taɓa zuciya, in hawaye ya zo a bar shi. A huta, a sha ruwa mai ɗumi. Sannan a rera, ana riƙe da ma'anar amma numfashi na tafiya daidai. In an shiga situdiyo, mawaƙi ya san baitin da ke kama shi, ya shirya masa iska tun kafin ya iso.

To wa zai ɗauki wacce?

Kai ƙanena mai aji na matasa 'yan shekara sha biyar zuwa ashirin da 'yan kai, waɗanda ba ka san tarihin gidajensu ba: "da a ce" ita ce taka, ka ɗora mata atisayen fita a ƙarshen kowane zama, ko da ranar wasan barkwanci kuka yi, don jiki ya saba. Tuno baya kada ta shiga ajin nan ko kaɗan.

Darakta mai ɗaukar shiri mai dogon zango, inda jaruma za ta yi kuka yau, gobe, jibi: numfashi da jiki ne zai biya ka. In kuna da ƙungiya, ku haɗa kuɗi ku tura mutum ɗaya ya koya da kyau ya dawo ya koyar, ya fi kowa ya yi ta lalube a waya. Kuma ka ware minti goma bayan sin mai nauyi kafin ka ce a shiga mota: a cire kayan wasa, a wanke fuska, mai alwala ya yi, a kira kowa da sunansa na gaskiya, a sha shayi.

Masu wasan rediyo da masu fim ɗin soyayya da rikicin gida, inda komai a tsakanin mutum biyu yake: sauraron aboki, da dokokin da na ambata.

Shugaban mawaƙa, na coci ne ko na bege ko na situdiyo: "da a ce" don ma'anar baiti, muryar shessheƙa don sauti. Numfashin baƙin ciki na Alba a yi shi a wurin gwaji kawai, domin jan iskarsa a gutsure yake, ba ya tafiya da rerawa.

Tuno baya na bar ta ga ɗan wasan da ya manyanta a sana'a, wanda shi ya nema da bakinsa, shi ya zaɓi abin da zai tuno, abin kuma ya daɗe ya huce har yana iya ba da labarinsa yana cin abinci. A yi ta mutum biyu a keɓe, ba a gaban aji ba, kuma ba dole ya faɗa maka abin da ya tuno ba.

Wanda kuma ka ga bayan atisaye, kowace iri ce, ya kwana biyu ba barci, ko yana firgita da ƙarar ƙofa, ko ya daina zuwa ba dalili, wannan ya wuce aikin malamin wasa. Ka same shi a keɓe, in mace ce ka haɗa da wata babba da ta yarda da ita, ka ce, "Ƙanwata, abin nan akwai masu maganinsa." Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. In ta amince, ka raka ta, kuma ka ajiye mata rol ɗinta har ta dawo.